Muhawara a kan tarihin 'Yan Baƙar Garkuwa, sojan hayar masarautar Dargazu

Maryama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya a kan littafin da nake rubutawa. Ƙagaggen labari ne, masarautar ma ni na ƙago ta, na sa mata suna Dargazu. Ƙasa ce ta sarki da hakimai. Sarki ya ba hakimi garuruwa ya ci, shi kuma hakimi ya kawo dawaki da dakaru duk ranar da aka buga tambarin yaƙi. Jarumin labarin ɗan wata ƙungiyar sojan haya ne da ake kira 'Yan Baƙar Garkuwa, kuma ina so in daidaita tarihin ƙungiyar kafin in yi nisa.

Ga abin da na tsara. Asalinsu ragowar rundunar wani yarima ne da ya nemi gadon sarauta ya sha kaye. Aka kashe shi, aka washe gidajen mutanensa, ba su da inda za su koma. Su wajen ɗari uku suka taru a gindin wani dutse, suka sa dukawa suka rine musu garkuwoyi baƙi ƙirin don kada a gane alamar ubangidansu. Suka yi rantsuwa a kan abu uku: ba a barin ɗan'uwa a fagen fama, ba a taɓa ganima sai an taru, ba a juya wa wanda aka ci kuɗinsa baya. Shugabansu zaɓensa suke yi, suna ce masa Uban Tuta. Da fari rakiyar ayarin fatake suke yi, daga baya hakimai suka soma ɗaukarsu, har sarki da kansa ya ɗauke su. Na sa sun yi shekara 200 suna yi wa gidan sarautar Dargazu aiki ba su taɓa cin amana ba, sai a zamanin jarumina. Wannan cin amanar ita ce ƙashin bayan littafin. Me kuka gani?

Nura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Asalin ya yi min, rantsuwar ma ta yi. Shekara 200 ɗin ce ban yarda da ita ba. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da babu yaƙi, wa ke ciyar da su?

Maryama: Sarki mana, Yaya. Ai mutanensa ne.

Nura: In sarki ke ciyar da su rani da damina, da yaƙi da babu yaƙi, to sun zama dogarai ko bayin sarki, sun fita daga haya. In kuma sai an yi yaƙi ake biyansu, to zaman lafiya yunwa ce a wurinsu, kuma mutum ɗari uku masu takubba ba sa kwana da yunwa alhali ƙauye na kusa. Dole ki zaɓi ɗaya.

Malam Sabo: Salamu alaikum. Maryama 'yata, Allah ya yi albarka, ya ƙara basira. Tambayar Nura ita ce tarihin sojan haya gaba ɗaya, bari in ba ki misalai na gaske ki ɗora naki a kai.

A 1360 Ingila da Faransa suka yi sulhu a tsakiyar dogon yaƙinsu. Dubban mayaƙa aka sallama, mutanen da ba su san wata sana'a ba sai ita. Maimakon su watse, sai suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanta da ma'ajinta da magatakardanta. Kafin shekarar ta fita sun kama wani gari mai gada a kan kogin Ron, kusa da Abinyon inda Fafaroma yake zaune a lokacin, sai da aka ba su kuɗi suka tashi. A 1362 suka gamu da rundunar sarkin Faransa a Brignais suka karya ta. Kin ga sulhun da mutane suka yi murna da shi, shi ya haifi bala'in.

Wani ɓangare nasu ya tsallaka Italiya a 1361, su ne ake kira Farar Runduna, kuma wani Baturen Ingila, John Hawkwood, ya zama shugabansu. Ya yi wa Pisa yaƙi da Filorens, ya yi wa masu mulkin Milan aiki, ya yi wa Fafaroma. A 1375 mutanen Filorens suka biya shi zinariya 130,000 ta kuɗinsu, ba don ya yi musu yaƙi ba, don dai ya ƙyale ƙasarsu. Daga ƙarshe su suka ɗauke shi, ya mutu a hannunsu a 1394, kuma har yau zanensa a kan doki na nan a bangon babbar majami'ar birnin. Mutumin da ya ƙona musu gonaki, shi suka karrama. A wurinsu ba maci amana ba ne, tunda wa'adin takardarsa da wancan ubangidan ya cika kafin ya koma wajen wannan.

Wannan takarda ita nake so ki riƙe. A Italiya komai a rubuce yake: mutum nawa, doki nawa, wata nawa, nawa za a biya, yadda za a raba fursunoni da ganima, da tsawon lokacin da ba za su ɗaga wa tsohon ubangida makami ba bayan sun rabu. Akwai ma jami'in da ke zuwa sansani ya ƙirga su, yana rubuta launin kowane doki da tabon da ke jikinsa, don kada a nuna masa doki ɗaya sau biyu a ci kuɗin biyu. Rantsuwarki ta uku ba ta da wa'adi, ta ainihi kuwa tana da shi.

Anti Bilki: Allah ya gafarta Malam, na ƙaru, amma zan tsaya wa yarinyar nan. Mu masu rubuta labari ba kundin tarihi muke haɗawa ba. In tun farko ƙungiyar nan yau tana nan gobe tana can, ranar da jarumin zai ci amana ba wanda gabansa zai faɗi. Nauyin cin amanar yana zuwa ne daga tsawon amanar da aka riƙe. Kuma ba ƙarya ba ce a ce akwai sojan haya masu amana. Masu gadin Fafaroma 'yan Suwizalan fa? Tun 1506 suke wurin har gobe. Sun haura shekara 500, ita 200 kawai ta nema.

Malam Sabo: Gaskiyarki Hajiya. Har ma a ranar 6 ga Mayu 1527, da aka afka wa birnin Rum, 147 daga cikinsu suka mutu suna tare hanya har Fafaroma ya samu ya shige kagara. A 1792 ma ɗaruruwan 'yan Suwizalan sun mutu a fadar sarkin Faransa a Paris suna kare ta. Sai dai ki duba su wane ne suka afka wa Rum ɗin a 1527. Rundunar sarki Charles na Biyar ce, cike da sojan haya Jamusawa da aka yi watanni ba a biya ba. A rana ɗaya, a gari ɗaya, ga 'yan hayar da suka mutu a kan amana, ga 'yan hayar da suka washe gari saboda bashin albashi.

Abin da ya bambanta 'yan Suwizalan shi ne suna da gida. Hukumomin yankunansu ke ƙulla yarjejeniya da sarakuna, su ke tura samari, kuma wanda ya gudu daga fagen fama zai koma ƙauyen da kowa ya san ubansa. In Maryama na son shekara 200, sai ta ba mutanenta ƙasar da suke komawa, inda ake haifar sababbi, inda tsofaffi ke mutuwa.

Nura: To ai shi ke nan, Baba Malam. Da zarar sun samu ƙasa sun zama hakimai. Wanda ke da rumbu da gandu da talakawa masu kawo masa kuɗin ƙasa, ya daina jiran kuɗin haya. Jikansa ba zai yarda a kira shi ɗan haya ba, rawani zai nema.

Isuhu Damagaram: Barkanku da hira. Ni ba marubuci ba ne, mai karatu ne, amma gidanmu gidan dawaki ne, don haka zan yi magana a kan abin da na sani. Ƙanwa Maryama, mutanen naki a ƙasa suke ko a kan doki?

Maryama: Barade ne, Yaya Isuhu. Rabinsu ma 'yan lifidi.

Isuhu Damagaram: To lissafinki ya canza. Ingarman da zai ɗauki lifidi da mutum mai sulke da kwalkwali ba ya rayuwa da ciyawar bakin hanya. Kullum sai an ba shi hatsi, gero ko dawa, ga harawa, ga dusa, ga kanwa a ruwan sha. Da asuba yaro ya fita yankan ciyawa, wani ya share turke, wani ya kai shi rafi. Ka bar shi kwana kaɗan babu hatsi, za ka ga ƙashin ƙugunsa ya fito, ka ɗora masa sirdi ya ji masa ciwo a baya, shi ke nan ya tashi daga aiki sai ya warke. Kuma barde ɗaya ba ya fita da doki ɗaya. Shi kansa lifidin ba a sa wa doki shi tun daga gida, a kan raƙumi ko jaki ake ɗaukarsa sai an kusa gamuwa, don auduga ce aka cusa, zafi zai kashe dabbar. Saboda haka barade ɗari uku na nufin jama'a sun fi dubu: zagage, masu ciyawa, maƙera, dukawa masu gyaran linzami da sirdi, mata masu daka da girki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ayarin fatake ba zai iya ciyar da wannan taron ba.

Sannan yaƙi na rani ne. In ruwa ya sauka, hanya ta yi laka, rafuka sun cika, ƙudaje sun dami dawaki, dakaru sun koma gona. Wata huɗu ko biyar mutanenki na zaune. A ina?

Anti Bilki: Wannan bayani na lifidi a kan raƙumi, Maryama ki rubuta shi yanzun nan. Irinsa ne ke sa mai karatu ya yarda da sauran.

Malam Sabo: Isuhu ya kawo mu gida. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, wajen 1400. Kuma a ƙasar Hausa sarakuna sun warware matsalar Nura ta wata hanya. Maimakon haya, sai suka dogara da bayin sarki da hakimai, hakiman kuma a birni suke zaune kusa da idon sarki, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji. Hakimi bai cika samun dunƙulalliyar ƙasa da zai kafa kansa a ciki ba. Baƙin mayaƙa kuwa an yi su a maƙwabta. Mai Idris Aloma na Borno ya samo Turkawa masu bindiga a ƙarni na 16, limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta haka. Sai kuma Rabe, wanda ya fito daga Sudan da rundunar da ba ta da ƙasa sai tutoci da bindigogi, ya ci Borno a 1893, ya zauna a Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Shi bai jira wani sarki ya ɗauke shi haya ba, ƙasar ya ɗauka gaba ɗaya.

Amma misalin da ya fi kama da naki, 'yata, na sojan hayar Kataloniya ne, wani yanki na ƙasar Sifen ta yau. A 1303 sarkin Rumawa na Kustantiniya ya ɗauke su su yaƙi Turkawa, kuma sun yi nasara. Sai biya ya gagara, sai tsoronsu ya kama fada. A 1305 aka gayyaci shugabansu Roger de Flor liyafa a Adirna aka kashe shi. Ba su watse ba. Suna da majalisa, suna da hatimi nasu, suka shiga ɗaukar fansa a kan ƙauyukan yankin har ƙasar ta zama kufai. A 1310 mai mulkin Atina ya ɗauke su, suka ci masa garuruwa, ya ce zai riƙe kaɗan ya sallami sauran ba tare da biyan bashinsu ba. A 1311 suka kashe shi da mafi yawan baradensa, suka hau mulkin Atina, suka riƙe ta har 1388. Sau biyu ke nan, kuma duk ubangidan ne ya fara saɓa alkawari.

Nura: Haka ma Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. Da suka sha kashi a hannun Rum a shekara ta 241 kafin haihuwar Annabi Isa, sojan hayarsu wajen 20,000 suka dawo daga tsibirin Sisili. Aka tara su wuri ɗaya, sannan aka aiko a roƙe su su rage kuɗinsu. Yaƙin da ya biyo baya ya haura shekara uku, Rum kuma ta samu dama ta ƙwace tsibirin Sardiniya daga hannun Kartaj. Maryama, da ni ne ke, sarki zan sa ya fara cin amanar.

Hajara: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Duk maganar sarakuna da barade ake yi. Malam ya ce ƙasa ta zama kufai ya wuce, to mutane ne a cikin kufan nan. Shi Hawkwood da aka yi wa zane a majami'a, mutanensa na cikin waɗanda suka yi wa garin Cesena kisan kiyashi a 1377, dubban mutane, ba mayaƙa ba. Yaya Isuhu ya ce kowane doki sai hatsi kullum. Daga rumbun wa? Matar da ta ga ƙura ta taso daga gabas, ta kwashi 'ya'yanta ta shige dawa, ta dawo ta tarar an fasa rumbu an kore awaki, ita ba ruwanta da ko garkuwar baƙa ce ko fara, ko sun riƙe wa sarki amana ko ba su riƙe ba. Anti Maryama, in kika rubuta su jarumai tsarkaka na shekara 200, kin zalunci wannan matar. Ina roƙonki ki ba ta babi guda, da sunanta da bakinta.

Anti Bilki: Hajara, wannan magana ta shige ni. Kuma ba ta rushe amanar ba. Mutum na iya riƙe wa 'yan'uwansa alkawari har mutuwa, ya kuma zama annoba ga wanda ba nasa ba. Jarumi mai irin wannan tabo ya fi daɗewa a zuciyar mai karatu.

Maryama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na sake ɗora shi, ku duba min.

Shekarun farko ba barade ba ne. Dawakinsu sun mutu ko sun sayar, a ƙasa suke da baka da mashi, suna rakiyar fatake. Ayarin da ya ƙi ɗaukarsu kuwa, su ne ke tare shi a gaba. Wannan abin kunya ne da jikokinsu ba sa faɗa, sai a bakin mutanen ƙauye ake jinsa, kuma nan babin Hajara zai shiga. Sai sarkin Dargazu na lokacin, da hakimansa suka fi ƙarfinsa, ya ɗauke su don ya samu rundunar da ba ta hannun kowane hakimi. Yarjejeniyar ta rani ɗaya ce, ana sabunta ta kowace kaka bayan an shigar da amfanin gona. Uban Tuta ya zo fada, ma'ajin sarki ya fita ƙofar gari ya ƙirga mutane da dawaki, a auna musu hatsi, a ba su gishiri da tufafi da wuri. Ba sa kwana a cikin ganuwa, wannan sharaɗin hakimai ne.

A zamanin Uban Tuta na huɗu aka yi fari shekara biyu a jere, baitulmali ya bushe. Sarki ya ba su wani kwari a bakin iyaka a madadin bashi, su yi damina a can. Daga nan ƙungiyar ta rabu biyu ba tare da ta sani ba. Akwai 'yan kwari, waɗanda aka haifa a can, masu gonaki da surukai a ƙauyuka. Akwai 'yan tuta, baƙin da ke shigowa kowace shekara ba su da komai sai takobi. 'Yan kwari na son zaman lafiya da rawani, 'yan tuta na son yaƙi don da shi suke ci. Shekara 200 ɗin ina nan a kanta, Yaya Nura, amma yanzu amana ce da ake saye kowace kaka, wani lokaci da ƙyar. Jarumina ɗan tuta ne, Uban Tutan zamaninsa kuma ɗan kwari.

Nura: Yanzu kam na ga mutane masu ci da sha. Saura wa zai fara saɓawa.

Maryama: Sarki zai kira Uban Tuta shi kaɗai, ya yi masa tayin hakimcin kwarin, na gado, in ya sallami 'yan tuta ba tare da an biya su bashin rani uku ba. Zai karɓa.

Anti Bilki: To ashe cin amanar daga cikin gida take. Rantsuwar farko ya karya, ba ta uku ba. Wannan ya fi na da zafi nesa ba kusa ba.

Malam Sabo: Kuma yana da madogara. Francesco Sforza ubansa sojan haya ne, shi ma sojan haya, ya auri 'yar mai mulkin Milan a 1441. Da surukin ya mutu a 1447 mutanen birnin suka ɗauke shi ya kare su, ya juya ya yi musu ƙawanya, ya shiga a matsayin mai mulki a 1450. Ita kuwa Benis, wata daula a Italiya, da ta yi zargin babban kwamandanta Carmagnola, kiransa ta yi shawara ta kama shi, aka sare kansa a 1432. Uban Tutanki ya san ɗayan biyun ke jiransa, ko rawani ko takobi. Ki bar mai karatu ya ji wannan tsoron kafin ya tsine masa.

Nura: Ni dai har yanzu ina ganin sarki mai hankali ba zai ba su kwari ɗaya dunƙule ba. Baba Malam da kansa ya ce warwatsa garuruwa ake yi.

Maryama: Sarkin da ya bayar ba shi da zaɓi, Yaya, bashi ya ci shi, kuma kwarin a lokacin daji ne da mahara suka hana kowa nomawa. Jikansa ne zai gane abin da aka yi.

Isuhu Damagaram: Abu ɗaya ya rage, ƙanwa. Ranar da za a sallami 'yan tuta, dawakin na wa ne? In na ƙungiya ne, a kwari ake kiwonsu, to 'yan kwari za su riƙe su, jaruminki zai fita a ƙasa da sirdinsa a ka, kuma ba zai iya tunkarar ko hakimi ɗaya ba sai ya samo wasu. In kuma kowa da nasa ya shigo, za su fita a kan doki amma babu hatsin kwana uku, dole su faɗa wa ƙauyen farko da suka tarar. Ki yanke wannan kafin ki rubuta babin, don hanyar da za su bi daga ƙofar kwarin ta dogara a kansa.

Hajara: In na biyun ne, Anti, ƙauyen farkon ya zama na matar nan.

Maryama: Na biyun ne. Zan kawo babin nan zaure in na gama, Yaya Isuhu ya duba min wajen dawakin.